Gwaggo Inci da Sawun Allura Huɗu

Shagon ɗinkin Gwaggo Inci yana tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da burodi, ƙofa ɗaya, taga ɗaya. Duk wanda ya sa kayan makaranta a unguwar cikin shekara talatin da suka wuce ya taɓa tsayawa a cikinsa hannuwa a buɗe. Keken ɗinki biyu ne a ciki, na ƙafa da na lantarki, amma na lantarkin ya daɗe da zama wurin ajiye kofin shayi, don Gwaggo ta ce ba za ta yarda masu wuta su riƙa yanke mata lokacin tashi daga aiki ba. Akwai teburin yanka da ya sha alli har ya yi fari, akwai madubi mai tsaga a gefe, sai bencin masu jira, wanda yawancin masu zama a kansa ba ɗinki suka kawo ba, hira ce ta kawo su.

Idonta ne ya jawo mata sunan. Tef na rataye a wuyanta kullum, amma kusan ado ne. Za ta dube ka sau ɗaya daga sama zuwa ƙasa ta ce, "Kafaɗa inci sha biyar da rabi." In ka kuskura ka musa, ta ciro tef ta auna, ta nuna maka lambar, sannan ta bi ka da kallo kamar ka zagi iyayenta. Tun tana 'yar shekara sha huɗu ta fara koyo a hannun wani tsohon tela mai masifa, wanda ya sa ta shekara biyu cur ba abin da take yi sai farke ɗinkin da wasu suka ɓata. Ta yi aure, ta haifi maza uku, mijinta ya rasu suna ƙanana, keken ƙafar nan ya raine su har kowa ya kama gabansa.

Mace ce mai jiki, kuma ko a jikinta. In ta yi dariya har bencin sai ya motsa. "Mu a gidanmu haka muke," in ji ta, "ba mu da wanda iska za ta ɗauka." Abin da take taƙama da shi a sana'a kuwa shi ne rara. Duk rigar makarantar da ta ɗinka sai ta bar yadi mai yawa a naɗe ta ciki, gefe da gefe, don in yaro ya girma a farke a buɗa. Sauran teloli suna barin inci ɗaya, ita uku take bari, tana kuma faɗa wa kowa ko bai tambaya ba.

Abokiyar aikinta ita ce Mai Maɓalli, siririyar mace mai kaifin baki, wadda ke zama a bakin ƙofa da gwangwanin maɓallai a cinya. Shekara ashirin suna tare, kuma ba a taɓa yin ranar da ba su yi faɗa ba. Faɗan ma ba ya wuce kan waye ya ɗauki ƙaramin almakashi, wanda kusan kullum a aljihun Gwaggo ake samunsa.

To, shekara biyu da suka wuce aka yi wa ƙanen Gwaggo canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa. Ya tafi da matarsa, ya bar autarsu a hannun yayarsa don ta ƙarasa makaranta a inda ta fara. Auta 'yar shekara sha biyar ce a lokacin, siririya irin mahaifiyarta, mai surutu kamar rediyo. In ta dawo daga makaranta sai ta biyo ta shago, ta haye teburin yanka tana kwaikwayon malamansu har Mai Maɓalli ta soke yatsa don dariya. Gwaggo da ba ta taɓa haihuwar mace ba ta rasa inda za ta sa ta don murna. Ta ɗinka mata farar riga da shuɗin siket, rara inci uku ba ragi.

A hankali surutun ya ragu. Auta ta daina biyowa ta shago, sai ta wuce gida ta shige ɗaki ta ja labule. Sannan jiki ya fara zuwa. Gwaggo ta gani tun kafin kowa ya gani, ai idonta kenan, kuma daɗi ta ji. "Yauwa," ta ce wa Mai Maɓalli, "jinin gidanmu ya fara aiki. Dama uwarta ce ta ɓata mana iri."

Amma ta san 'yan mata da kunya. Saboda haka ranar wata Asabar da aka wanke rigar, ta cire ta daga igiya, ta kai shago a cikin jaka, ta farke gefe da gefe da reza, ta buɗa, ta ɗinke, ta goge, ta mayar kan igiya kamar ba a taɓa ba. Ta ji daɗin dabararta ƙwarai. A ganinta ta raba yarinya da jin kunya, ba tsayawa gaban madubi, ba tef, ba lamba. Bayan 'yan watanni ta sake. Ta kuma sake, har sau huɗu ke nan. In tana shara ta ga ledojin biskit da na alewa cushe a ƙarƙashin katifar Auta, sai ta kwashe ta zubar ta yi shiru, tana ce wa ranta ai ƙuruciya ce, wa bai yi kwaɗayi ba.

Saura mako huɗu a fara jarrabawar fita, ranar wata Litinin, Auta ta dawo tun kafin ƙarfe goma, ta rungume jaka a ƙirji. Maɓallin tsakiya ne ya tsinke ana tsaye a layi da safe, ya yi tsalle ya faɗa gaban malami, 'yan aji suka kwashe da dariya. Gwaggo na jin haka ta miƙe ta nufi Mai Maɓalli.

"Ke! Da me kika ɗinka maɓallin nan, da yawu?"

"Da zare ninki biyu, kamar na kowa."

"Shekara talatin maɓalli bai taɓa tashi daga rigata a bainar jama'a ba. Kin zubar mini da mutunci!"

"Maɓallina lafiyarsa ƙalau, baiwar Allah," in ji Mai Maɓalli. "Nauyin da aka ɗora masa ne ya fi ƙarfinsa."

Gwaggo ta ƙwace gwangwanin, ta ɗinka sabon maɓalli da kanta, zare ninki huɗu, ta ja da haƙori don gwadawa, ta ce magana ta ƙare. Sai dai washegari Auta ta ce kanta na ciwo. Rana ta gaba kuma ta ce cikinta. Aka yi mako guda ba ta leƙa ko ƙofar gida ba. Malamar ajinsu ta aiko da saƙo cewa duk ɗalibar da ba ta zauna jarrabawar nan ba sai ta maimaita shekara. Da Gwaggo ta karanta mata, Auta ta juya fuska bango ta ce ba za ta koma ba, ko a bana ko a baɗi.

Nan hankalin Gwaggo ya tashi. Amana aka ba ta, yarinya mai ƙoƙari, wadda ba ta taɓa wuce ta biyar a aji ba, ga shi za ta ajiye karatu a hannunta. Da wane bakin za ta gaya wa ƙanenta? Ta yi tunani iya tunani, kuma tunda tela ce, tunanin ya sake kai ta ga riga. Ta ce matsewa ce, a ƙara buɗawa. Ta ɗauko rigar ta kai shago, ta juya cikinta waje, ta ɗauki reza.

Babu abin farkewa. Rarar inci ukun nan ta ƙare ƙaf, ɗinkin ƙarshe yana bakin yadi. Gwaggo ta ɗaga rigar wajen hasken taga, sai ga sawun allura a jere, layi huɗu, kowanne da ƙananan hudojinsa a inda tsohon ɗinki ya taɓa bi.

Mai Maɓalli ta taso ta leƙo ta kafaɗarta. Wannan karon ba ta yi tsiya ba.

"Wannan na farkon yaushe ne?" ta tambaya.

"Wata uku da tafiyar iyayenta."

"Na biyun fa?"

Gwaggo ta tuna. Lokacin ne aka fasa zuwan da mahaifiyar ta yi alkawari a hutu. Na ukun kuwa bayan ƙawar Auta guda ɗaya tilo ta koma wata makaranta. Na huɗun bai fi wata biyu ba, kuma ba ta san me ya faru a lokacin ba, don ba ta tambaya ba.

"Rarar da yaro ke shekara huɗu bai cinye ba," in ji Mai Maɓalli a hankali. "Ƙawata, wannan ba jinin gidanku ba ne. Ke da kika yi ƙiba, kin daina dariya?"

Gwaggo ta zauna a kan benci, rigar a cinyarta. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta ji ba tun zamanin tsohon tela mai masifa.

Akwai wata Nas da ke aiki a ƙaramin asibitin bayan kasuwa, Gwaggo ce ke ɗinka mata fararen kaya. Ranar ta rufe keke da rana tsaka ta tafi wurinta, riga a jaka. Ta shimfiɗa ta a kan teburin Nas kamar rigar ce mara lafiyar, ta ba da labari tun daga farko, sannan ta ce a ba ta maganin rage jiki, ko shayin nan da ake talla, ko ta kulle kabad ɗin abinci.

"Ko ɗaya kar ki yi, Gwaggo," in ji Nas. "In kika kulle kabad, kin gaya mata ita ɓarauniya ce a gidanku. Ina yawan ganin irin wannan a yara masu shekarunta. Damuwa ta kama yaro, ya rasa wanda zai gaya wa, abinci ya zama abin da ke ɗan kwantar masa da rai. Jiki ya ƙaru, a fara tsokanarsa, ya ƙara ɓuya, damuwar ta ƙaru, ya ƙara ci. Kowanne na tura ɗan'uwansa. Ba kowane mai jiki ne ke cikin damuwa ba, ga ki nan shaida. Amma yarinyar da ta daina magana, ta daina fita, ta canja haka cikin shekara ɗaya da rabi, ba daga abinci za a fara ba."

"To daga ina?"

"Kin taɓa tambayarta me ke damunta?"

Gwaggo ta girgiza kai. Matar da ke iya hira da mutum bakwai a lokaci guda, allura a baki, ba ta taɓa tambayarta ba.

"Ki fara da wannan," in ji Nas. "Sannan ki kawo ta ranar Laraba. Akwai mai ba da shawara da ke zuwa, ta iya zama da matasa. Ni ma zan duba lafiyarta."

Da ta koma gida rana ba ta yi sanyi ba, amma ɗakin Auta duhu ne, labule a ja, littattafai a tare a kusurwa sun yi ƙura. Gwaggo ta zauna a bakin gado, gadon ya yi ƙara. Duk maganar da ta shirya a hanya ta gudu. Sai ta ajiye rigar a tsakaninsu ta ce, "Auta, rarar ta ƙare."

"Na sani," in ji Auta, ba ta juyo ba.

"Kin san me?"

"Na san kina buɗa ta, Gwaggo. Tun na farko. Ni ma a shagon nan na girma, na san sawun allura." Ta tashi zaune, idanunta sun kumbura. "Duk Asabar ɗin da rigar ta ɓace daga igiya sai in ce yau Gwaggo za ta yi mini magana. Sai in ga an dawo da ita a goge. Ledojin ma na san kina kwashewa. Sai na ɗauka abin ya yi munin da ko ke ba za ki iya faɗa ba. Na ɗauka kunyata kike ji."

"Kunyarki? Ni?" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Wayyo ni! Ni da na ɗauka rufa miki asiri nake yi! 'Yar nan, ki dube ni da kyau, wa zan ji wa kunyar jiki?"

Auta ta yi wata 'yar dariya da ta rikiɗe ta zama kuka. Gwaggo ta jawo ta jikinta, ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta yi tambayar da ta makara shekara ɗaya da rabi. Amsar ta fito a hargitse. Kewar mahaifiyarta take yi, amma in an yi waya sai ta ce lafiya lau don kar ta tayar musu da hankali. Ba ta da wanda take zama da shi a lokacin tara. Wata biyu da suka wuce wasu 'yan aji suka laƙaba mata suna Buhu, har ana rubutawa a allo. In ta ci wani abu mai zaƙi sai ta ji sauƙi na minti biyar, daga nan ta tsani kanta har washegari.

"Buhu?" Gwaggo ta miƙe tsaye. "Su wa? Faɗa mini sunayensu. Wallahi ba wadda ban san faɗin ƙugun uwarta ba!"

"Gwaggo, don Allah zauna."

Ta zauna, amma ta ci gaba da huci.

Makonni ukun da suka biyo baya, unguwa ta sha kallo. Gwaggo ta ɗauki tambaya kamar sabuwar sana'a, kuma kamar kowane sabon shiga, ta wuce gona da iri. Da safe tambaya, da rana tambaya, Auta na wanka ma sai ta ji daga bakin ƙofa, "Yaya ranki yanzu?" Har sai da yarinyar ta kafa doka, sau biyu a rana ya isa. Nas ta ce su riƙa ɗan tattaki da safe, su biyun, ba don awo ba, don a sha iska. Ranar farko Auta ce ta riƙa tsayawa tana jiran Gwaggo, wadda ta jingina da sandar lantarki tana cewa ita kam takalmin ne bai yi ba. Suka koma cin abinci tare a faranti ɗaya maimakon kowa a ɗakinsa. Aka kira mahaifiyar Auta aka gaya mata gaskiya, ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce tana nan tafe ranar da za a gama jarrabawa. Gwaggo ta je ta ga malamar aji, kuma an ce ta yi magana cikin natsuwa, ko da yake mai gyaran waya ya rantse ya jiyo muryarta daga shagonsa.

Ranar Laraba Auta takan shiga wurin mai ba da shawara ita kaɗai. Wata rana ta fito da fara'a, wata rana ta fito ta shige ɗaki ta ja labule, Gwaggo ta bi ta zauna a bakin gado ba tare da cewa komai ba. Jikin bai je ko'ina ba, kuma ba wanda ya ce zai je cikin mako uku. Abin da ya fara dawowa shi ne baki. Wata rana da yamma Auta ta biyo ta shago ta kwaikwayi tafiyar Gwaggo a tattaki, har da jingina da sanda, Mai Maɓalli ta yi dariya har gwangwani ya kife.

Aka yanka sabuwar riga. Wannan karon Gwaggo ta cire tef daga wuya, ta rufe ƙofar shago, ta miƙa wa Auta ta ce ta auna da kanta ta faɗa. Auta ta faɗi lambobin ɗaya bayan ɗaya, Gwaggo na zana su da alli a kan yadi kamar na kowa. Mai Maɓalli ta ce ba za ta taɓa rigar ba sai an janye maganar yawu. Aka janye a gaban shaidu biyu.

Duk da haka Auta ba ta ce za ta je ba. Ta karkaɗe littattafan, tana karatu, amma in aka ambaci makaranta sai ta canja magana. Safiyar jarrabawa ta fito cikin sabuwar riga ba tare da an tashe ta ba, Gwaggo ta yi kamar ba ta gani ba don kar ta ɓata lamarin, ta saka takalmi ta bi ta.

Sun kai kwanar da ake hango ƙofar makaranta. 'Yan mata sun taru gungu-gungu a bakin ƙofar, fararen riguna, ana ta dariya. Auta ta tsaya cak. Ta ja da baya taku biyu, jakarta a ƙirji.

Hannun Gwaggo ya tashi da kansa zai gyara mata wuyan riga. Ta kama shi a hanya ta mayar.

"Me ke ranki yanzu?" ta tambaya.

"Tsoro," in ji Auta. "Ji nake kamar in ruga gida in rufe ƙofa in cinye duk abin da na samu."

"Na ji. In kin ce mu koma, mu koma tare, ba zan ce miki komai ba. In kin ce shiga, ina nan."

Auta ta daɗe tana kallon ƙofar. Aka buga ƙararrawa ta farko, gungun ya fara shiga. Gwaggo ta danne bakinta, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta.

"Da na faɗa, ya ɗan ragu," in ji Auta.

Ta sauke jakar daga ƙirji ta rataya a kafaɗa, ta tsallaka titi. Wasu 'yan mata biyu suka juyo suka kalle ta, ɗaya ta raɗa wa ɗaya wani abu. Auta ta wuce ta tsakaninsu ta shiga.

Gwaggo ta ƙarasa bakin ƙofar, hawaye na zuba, tana dariya, tana sharewa da bayan hannu. Mai gadin makarantar, wanda shi ma ita ta ɗinka masa wandon aji ɗaya, ya fito daga rumfarsa.

"Gwaggo, lafiya? Ki koma shago mana, ai sai sha biyu za su fito."

"Shago ya jira," in ji ta. "Kawo mini kujera, mai ƙwari. Akwai abin da zan tambaye ta in ta fito."